Mariƙin sandar fatsa ya karye ko ya gutsire: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fatsa na Zazzau da kewaye. Tun ranar da abokai suka ga na gyara mariƙin sandata da hannuna ban sake samun sukuni ba, duk Asabar in muka haɗu a bakin Galma ta wajen Dakace sai wani ya miƙo min tasa yace malam ɗan duba min wannan, wani kuma ya kira ni a waya cikin dare kamar likita. Toh shine nace bari in tattara tambayoyin da aka fi yi min wuri ɗaya in huta. Ni ba injiniya bane, sanduna na lalata da yawa kafin na iya, abinda na gani da idona shi zan faɗa.

Wai menene wannan kok ɗin da ake yin mariƙin sanda da shi? Katako ne ko soso?

Ba katako bane ba kuma soso ba, sannan ba kok ɗin sha ba dan Allah, dan akwai wanda ya taɓa yi min wannan tambayar da gaske. Ɓawon bishiya ne. Ka tuna filas ɗin shayi irin na da, mai fulawoyi a jiki, wanda iyayenmu mata ke jerawa a kabad? Wannan toshiyar mai laushi launin ƙasa-ƙasa da ake cusa wa bakinsa, to shine kok. Bishiyar tana fitowa a Fotugal da Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma Fotugal kaɗai ce ke bada kusan rabin abinda duniya ke amfani da shi. Sai bishiya ta kai kamar shekara 25 kafin a fara ɓare ta, daga nan kuma duk bayan shekara 9 a sake, kuma bata mutuwa, sabon ɓawo take yi. Cikinsa ƙananan ɗakuna ne cike da iska, shi yasa bashi da nauyi, ruwa baya shigarsa da sauƙi, kuma ko hannunka ya jiƙe da yauƙin tarwaɗa baya santsi kamar roba. 'Yan ABU masu karanta bayoloji sun san labarin, a jikin kok ne Robert Hooke ya fara ganin waɗannan ɗakunan da madubin ƙara girma a 1665.

Abinda ya shafe mu mu masu gyara shine mariƙin ba guntu ɗaya bane. Zobba ne aka jera aka manne su da gam aka goge, kowane zobe kaurinsa yawanci rabin inci, kaga mariƙi mai tsawon inci 9 zobe 18 kenan. In ka kalla da kyau zaka ga layukan haɗin. Sanin wannan shine rabin aikin, dan yana nufin zaka iya cire zobe ɗaya ko biyu da suka lalace ka bar sauran.

Malam tawa ta karye daidai wajen riƙo, in jefar kawai?

Tsaya tukuna. Abu na farko da zaka duba ba kok ɗin bane, ƙashin sandar ne, wato wannan bututun da ya taso tun daga tsini ya ratsa ta cikin mariƙin har gindi. Ɓamɓare wajen da ya fashe da farce ko bayan wuƙa har ka ga ƙashin, ka goge shi, ka kai shi hasken rana. Kana neman tsaga ce, galibi a tsaye take bi kamar tsagar kara. Ka ɗan lanƙwasa sandar a hankali kusa da kunnenka, in kaji ƙas-ƙas toh akwai magana. Wata dabarar kuma ka shafa auduga a wajen, in akwai tsaga zaren audugar zai maƙale. Kar ka shafa da yatsa, sartsen faiba in ya shige ka sai ka kwana uku kana jinsa.

In ƙashi lafiya lau yake, wallahi sandarka bata mutu ba, riga ce kawai ta yage. In kuma ƙashin ne ya tsage toh wannan wani aiki ne daban, sai an zura guntun wata tsohuwar sanda ta ciki an manne an naɗe da zare ta waje, kuma gaskiya in sandar mai araha ce irin ta gwanjo ni bana ba mutum shawarar ya wahalar da kansa, dan ranar da babbar tarwaɗa ta ja nan zata sake ɓallewa.

Sufa gulu fa? Ai shi yafi sauri.

Shi yafi sauri wajen ɓata aiki ma. Nima da shi na fara, sandata ta farko da na siya a gwanjo na tsiyaya mata kusan kwalba biyu, kok ɗin ya shanye ya zama kamar dutse, wajen yayi fari fat, bayan sati biyu ya sake tsagewa a gefen inda na manne ɗin. Dalili kuwa sanda tana lanƙwasa duk lokacin da ka wurga ko kifi ya ja, kok yana bin ta, shi kuma sufa gulu baya lanƙwasa, karyewa yake. Sannan baya cike rami. Ka barshi wa gilashin ido da ya karye.

Toh wane gam ne daidai?

Ga duk abinda zai taɓa ƙashin sandar, gam mai tagwayen tub nake amfani da shi, irin su Araldite, wanda ake matso biyun daidai wa daida a cakuɗa. Masu kayan gini da na fenti a Sabon Gari da Tudun Wada suna da shi. Amma ka karanta kwalin, dan iri biyu ne, akwai mai kamawa cikin minti 4 ko 5 wanda makanikai ke so, akwai mai jinkiri wanda zai baka kusan awa ɗaya kana gyara zaman abu kafin ya fara ƙarfi. Mai jinkirin zaka siya. Mai saurin nan kafin ka gama shafawa ka daidaita zobe ya riga ya daskare a hannunka, balle a watan Maris ko Afrilu da garin nan yake kamar tanda, zafi yana ƙara masa sauri. Da hunturu kuma akasin haka ne, a Disamba da Janairu sai kaga gam ɗin yayi kauri yana nawa, sai ka saka tub ɗin a aljihu ya ɗan ji ɗumin jiki kafin ka matsa, kuma ka ƙara masa lokacin bushewa.

Ka cakuɗa a kan guntun kwali da tsinke na kamar minti biyu har launin ya zama ɗaya. Mafi yawan masu cewa gam ɗin jabu ne, ya ƙi bushewa, in ka bincika ko dai basu auna daidai ba ko basu juya sosai ba.

Top Bond na kafintoci yana da amfani wajen cike ƙananan ramuka, zan zo kansa. Evo-Stik na shumeka kuma sai in fata ko roba zaka naɗa.

Mariƙina bai karye ba amma duk yayi ramuka kamar gara ta ci.

Wannan shine mafi sauƙi, kuma ba gara bace. Kok dama da ramukansa yake zuwa, a kamfani ne suke cike su da wani ƙulli, in sanda ta sha ruwa da rana sai ƙullin ya zube. Ka fara wanke mariƙin da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka tone dattin ramukan da allura, ka barshi a inuwa yini guda ya bushe sarai, in da danshi gam bazai kama ba. Sai ka samo wani guntun kok ka goga shi a kan sanfefa mai kaushi ka tara garin a takarda. Ka kwaɓa garin da Top Bond, garin ya fi yawa, kwaɓin yayi tauri kamar dakuwa, ba ruwa-ruwa kamar ƙullun ƙosai ba. Ka danna shi cikin kowane rami da bakin wuƙa ko tsohon katin waya, kuma ka bari ya ɗan tudu sama da wajen domin in ya bushe yana shanyewa ya koma ciki. Washegari ka goge.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani, farin gam na kafinta in ya daɗe cikin ruwa yana laushi. In kai mai barin gindin sanda cikin taɓo ne tun safe har la'asar toh ka kwaɓa garin da Araldite maimakonsa, sai dai wajen zai fi duhu kuma zai fi kok tauri, wajen gogewa sai kayi hankali kar ka cinye gefe ka bar shi a tsaye kamar ƙurji.

A ina zan samu kok a Zariya?

Zobban da aka yanka musamman dan wannan aikin ni dai sai ta intanet ko in wani zai zo daga Legas. Amma ga faci baka buƙatarsu. Toshiyar tsohon filas tana nan a gidaje da yawa, ka roƙi Hajiya, amma ka roƙa fa, kar ka ɗauka a ɓoye ka jawo min zagi. Ƙwallon badminton mai gashin tsuntsu, kan nan nasa kok ne a ciki, in ka san masu bugawa a Samaru suna zubar da waɗanda gashinsu ya lalace. Akwai allon manna sanarwa na ofis da makarantu, shi ɓarɓashin kok ne aka matse, yana da kyau wajen yin gari amma ba wajen yanka guntu ba dan yana marmashewa. Wanda yafi duka kuma shine mariƙin wata matacciyar sanda. Duk sandar da ta karye kar ka yar, ni ina da buhu guda nasu a bayan ƙofa, uwargida ta gaji da magana ta ƙyale ni.

Tsagewa yayi a tsaye amma ba abinda ya fita.

Buɗa tsagar kaɗan da bakin reza, ka tura gam ciki da tsinken tsintsiya har ƙasa, ka matse. Ka rufe wajen da farar leda sannan ka naɗe da robar tub ɗin mashin da ka yanka siririya, mai faci zai baka tsohon tub kyauta. Ledar dan kar robar ta manne ne. Gam ɗin da ya fito gefe ka share shi da tsumma da sifirit na kemis tun yana ɗanye. Awa 24 kar ka taɓa.

Ɓera ya cinye min gefe guda, guntu babba ya fita.

Allah sarki, wannan ya sami kusan kowa, ƙarnin kifi da tana da ke hannunka yana shiga kok ɗin, ɓera kuma baya wasa. Anan ne aikin yake buƙatar natsuwa, dan haka bari in ɗan daɗe.

Kar kayi ƙoƙarin cike babban rami da kwaɓi, zai faɗo. Hanya biyu ce. In ramin bai kai ƙashi ba, ka ɗauki sabuwar reza ko wuƙar yankan kwali ka gyara bakin ramin ya zama mai kusurwa huɗu, ƙasansa a shafe, kamar yadda tela ke gyara bakin yagewa kafin ya sa faci. Ka yanka guntun kok da ya ɗan fi ramin girma, kana gogawa kana gwadawa har ya shiga da ɗan matsi, ka shafa gam a ɓangare biyun, ka danna, leda, robar tub, ka bari ya kwana. Guntun zai yi tudu, haka ake so, washegari zaka sassaƙe shi ya dawo daidai da sauran.

In kuma ya kai ƙashi ko ya zagaye, toh zoben gaba ɗaya zaka cire. Ka nemo layin haɗi na sama da na ƙasa, ka zagaya da reza a kansu, amma a hankali, kana jin bakin reza ya taɓa abu mai tauri ka tsaya, dan ƙaramin yanka a jikin ƙashin kabon ya isa ya karya sanda nan gaba, garin neman gira a rasa ido kenan. Ka ɓamɓare abinda ke tsakani, ka kankare tsohon gam da bayan wuƙa. Yanzu sabon zoben, ka huda tsakiyarsa ka faɗaɗa da magagari mai zagaye har ramin yayi daidai kaurin ƙashin a wannan wajen. Toh ya za'a yi ya shiga tunda sama da ƙasa duk a toshe? Raba shi biyu zakayi. Kuma ga sirrin, kar ka yanka shi har ƙarshe, ka ɗan tsaga da reza sannan ka ɓalle shi da hannu, saboda bakin da aka ɓalle yana komawa cikin ɗan uwansa tsaf, bayan an goge da ƙyar ido zai ga haɗin, amma wanda aka yanka layinsa yana nan har abada. Gam a ƙashi, gam a fuskokin zoben, ka haɗa su kamar ana rufe ƙwarya, ka ɗaure. In zobe biyu ko uku ne, ka juya su kar tsagarsu ta hau layi ɗaya, kamar yadda magini baya jera bulo haɗi kan haɗi.

Sanfefa lamba nawa?

Lambar tana bayan takardar, ƙaramar lamba kaushi, babba laushi. Ka fara da 80 ko 100 dan rage tudu, sai 150, sai 220, in kana son yayi sumul ka ƙare da 320. Ka yanka ta doguwa kamar bel, wani ya riƙe maka sandar ko ka matse ta tsakanin gwiwoyi, kana ja hagu da dama irin yadda mai shushaina ke goge takalmi, kana juya sandar kaɗan kaɗan dan kar gefe ɗaya ya shafe. Kafin ka fara ka naɗe mazaunin ril, wato wajen da abin naɗe zaren fatsa ke zama, da jikin sandar da tef ɗin masu fenti. Kok yana cinyewa da sauri fiye da yadda kake zato, kowane ja biyar ka tsaya ka shafa da tafin hannu. Garin da ya zubo ka adana a robar magani dan gaba. Ka rufe hancinka.

Gaba ɗaya mariƙin ya ruɓe, za'a iya canza shi duka?

Za'a iya, na baya dai, wanda ke ƙasan ril. Ka cire murfin gindi, ka tsaga tsohon kok a tsaye ka ɓare shi kamar rake. Matsalar da mutane basa ganewa sai sun fara ita ce ƙashin sanda ta gindi yafi kauri, yana sirancewa zuwa sama. A kamfani ta tsini suke zura mariƙi kafin su ɗaura zobban da zare ke bi. Kai kuma ta gindi zaka zura, dole ramin yayi faɗin da zai wuce gindin, kaga in ya isa sama zai riƙa lilo. Maganinsa ka naɗa tef ɗin masu fenti ko zare mai kauri a wuri uku ko huɗu a jikin ƙashin, da tazara tsakaninsu, har kaurin ya zama ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sannan ka cika tsakanin da gam ka zura kana murzawa. Na gaban ril kuwa ko dai ka warware zobban zare duka, wanda bana so wa kowa, ko ka yi dabarar raba biyu da na faɗa.

Baba ni ɗalibi ne, bani da kuɗin wannan duka.

Ɗana da babu gara ba daɗi. Ka cike ramin da duk abinda ka samu ya zama daidai, sannan ka naɗe da robar tub tun daga gindi, kowane zagaye yana hawa rabin na baya, ka ɗaure ƙarshen da baƙin tef na masu wayarin. Zata yi wari da zafi in rana ta buga amma tana riƙo. Igiyar nailan siririya ma tana yi, a naɗa ta a jere a shafa gam a farko da ƙarshe. Akwai wani yaro da na gani a dam ɗin Kubanni, silifas ya yanyanka zobba-zobba ya jera ya manne ya goge, kala biyu ma ya haɗa, shuɗi da fari, wallahi sai da na karɓa na duba, kuma ba shirme yayi ba dan baƙin soson da ake sa wa sanduna na zamani danginsa ɗaya da na silifas da yawa. Wanda ya fi burge ni kuma na wani dattijo ne da ya kai wa baduku a cikin birni aka ɗinke masa da jar fata kamar kuben wuƙa. Kyau kam ba'a magana, sai dai fata in ta jiƙe tana santsi kuma tana son a shanya ta a inuwa.

Mazaunin ril ɗin ne ke juyawa, ba kok ba.

Gam ɗin ƙarƙashinsa ne ya saki. Ana huda ƙaramin rami ɗaya ko biyu a jikin mazaunin inda ƙafar ril zata rufe, a tura gam da sirinji marar allura, a juya shi ya zagaya, a daidaita shi da layin zobban zare, a bari ya kwana. Da hannu zaka murza abin hudar, kar ka sa diril na lantarki, daƙiƙa ɗaya ya wuce cikin ƙashi.

In shafa masa fenti ko banish ko mai dan yayi ƙyalli?

A'a. Banish zai sa shi santsi kuma ya ɓare daga baya. Man gyaɗa ko man ja kuwa gayyatar ɓera da kiyashi ne kawai. Fetur da kananzir ma kar su kusance shi, suna iya taɓa gam ɗin haɗin. Sabulu da ruwa sun isa, in yayi baƙi sosai ka ɗan bi shi da 320 sau ɗaya a shekara, launinsa zai dawo.

Me ke kashe mariƙi tun farko?

Soka ƙugiya a jikinsa in an tashi tafiya, wannan shine na ɗaya, kowane soki rami ne da ruwa zai shiga, ga ɗan zoben ƙarfe nan kusa da mariƙi a sanduna da yawa dan wannan aka yi shi, in babu ka maƙala a ƙafar zoben zare. Sai cusa gindin sanda cikin ƙasa ko tsakanin duwatsu, ka sari reshe mai baki biyu ka kafa ka ɗora ta. Sai barin ta a but ɗin mota ko ɗakin kwano da bazara. Sai ɗaure ta a bayan mashin da roba daidai kan kok, daga Kwangila zuwa Shika kawai ya isa ya bar mata shaida, ka fara naɗe wajen da tsumma. In ka dawo gida ka wanke ƙarnin, ka rataye ta sama inda ɓera bazai kai ba.

Na gama gyara da daddare, zan iya fita da ita da asuba?

In mai jinkirin ka sa, a'a, ka bashi awa 24 cif, da hunturu ma kwana biyu. Kar ka yar da kwalin da ka cakuɗa gam a kai, ka ajiye shi kusa da sandar, in ka danna ragowar da farce ya ƙi shiga toh na cikin mariƙin ma ya yi. Gobe ka ari ta wani, ko ka sari gora ka ɗaura zare irin na yarinta, karfasa bata san bambanci ba.